Gargaɗi ga mawaƙa da makaɗan Maraɗi: a yi hattara da masu “rajistar waƙa” ta WhatsApp

Assalamu alaikum ƴan uwa mawaƙa, makaɗa, ƴan amshi, da masu haɗa kiɗa a sutudiyo. Wasu mutane suna bin masu fasaha a cikin garin Maraɗi da kewaye, suna kiran kansu manajoji ko wakilan wani kamfanin waƙa na ƙasar waje. Da'awarsu ita ce za su yi wa waƙarka rajistar haƙƙin mallaka, su ɗora ta a Spotify da YouTube, kuɗi su riƙa shigo maka duk wata, daga baya a fitar da kai wasa Turai. Damfara ce. Ina aikin ɗaukar murya, kuma kukan da ke isowa kunnena daga yaran unguwannin Zariya da Bagalam, har da mutanen Tibiri da Madarunfa, duk iri ɗaya ne. Ba zan kama suna ba, don suna canza suna da lamba duk lokacin da asirinsu ya kusa tonuwa. Salon aikin ne ba ya canzawa.

Da yabo suke farawa. Saƙon murya zai shigo salularka: “Ƙanena, na ji waƙarka, wallahi irin muryar nan ba ta zaman Maraɗi ba ce.” Sai a jefa ka cikin wani gurup mai cike da hotunan jirgi da na manyan dandamali, wasu a ciki suna ta godiya wai kuɗinsu ya shigo, alhali yawancinsu abokan cin mushe ne. Bayan kwana kaɗan a turo maka takarda da Faransanci, da tambari da sa hannu, a ce ka biya kuɗin dosiye, wani a ce masa jika 15, wani jika 30, gwargwadon yadda suka auna ƙarfinsa. Kuɗin kuma da sunan wani mutum za ka aika shi ta wurin masu aika kuɗi, babu ofishi, babu resi mai sunan hukuma. Kullum cikin gaggawa: gobe za a rufe, saura gurbi biyu.

Asarar jikunan nan tana da ciwo, amma ita ce ƙarama. Babbar tana zuwa ne lokacin da suka ce ka turo asalin waƙar kamar yadda ta fito daga sutudiyo, da hoton katin ɗan ƙasarka, sannan ka sa hannu a kan kwantara.

Haƙƙin waƙarka ba saya ake yi ba. Tun ranar da ka ƙirƙire ta ya zama naka. Wannan ƙa'ida tana cikin yarjejeniyar Bern ta 1886, wadda Nijar take ciki tun farkon shekarun ƴancin kai: kariyar aikin fasaha ba ta rataya a kan wata rajista. A gida kuma muna da doka mai lamba 2010-95 ta ranar 23 ga Disamba 2010, wadda ta shafi haƙƙin mai ƙirƙira, da haƙƙin masu rerawa da kaɗawa, da kayan al'adun gargajiya. Hukumar da ke riƙe da wannan aiki ita ce BNDA, wadda aka kafa a 1995, babban ofishinta yana Yamai. Mai fasaha yana shiga cikinta a matsayin mamba, ya bayyana ayyukansa, ita kuma ta karɓi kuɗi daga masu amfani da kiɗa a bainar jama'a, kamar gidajen rediyo da talabijin da wuraren wasanni, ta raba wa masu haƙƙi. Bayyana waƙa a can yana da amfani ƙwarai, don shi ne shaidarka ranar gardama, kuma ta nan rabonka zai biyo. Na san da yawa cikinmu suna ƙorafin cewa abin da ke fitowa bai taka kara ya karya ba, kuma ƙorafi ne da ya kamata mu ci gaba da kai shi gaban hukumar a ƙungiyance. Amma wannan bai sa wani mai lambar WhatsApp ya zama madadinta ba. Wani lokaci suna ambaton OAPI, wata ƙungiyar ƙasashen Afirka ta kare haƙƙin ƙirƙira, don su rikita mutum. OAPI tana nan da gaske, a Yawunde ta Kamaru, Nijar mamba ce, sai dai rajistar da take yi ta alamun kasuwanci ce da ƙere-ƙere. Ba ita ke tara wa mawaƙi kuɗin waƙa ba.

Yanzu kwantarar. Duk ɗan Maraɗi ya san bambancin ba da hayar gona na damina ɗaya da sayar da ita ɗungurungum a gaban shaidu. To haka waƙa take. Kana iya ba wani izini ya yi amfani da ita na wani lokaci, a wasu ƙasashe, bisa kason da kuka daidaita, tana nan taka. Kana kuma iya sallama masa ita. Takardun mutanen nan na sallamawa ne. In an karanta maka ka ji kalmar “cession” (sallamawa) haɗe da “exclusive” (gare shi shi kaɗai), ba a faɗi shekara nawa ba, ko an ce duk faɗin duniya har iyakar wa'adin da doka ta bayar, to ka janye hannunka tukuna. Wasu ma suna cusa layin da ya haɗa da waƙoƙin da ba ka riga ka yi ba. Kwantara ta gaskiya tana faɗin sunan waƙar, da abin da aka yarda a yi da ita, da tsawon lokaci, da kasonka cikin ɗari, da lokacin da za a nuna maka lissafi, da yadda za ka fita in ba a cika alkawari ba. Tana ɗauke da cikakken sunan kamfani da inda ofishinsa yake, kuma ana ba ka kofi ka tafi da shi gida ka nemi mai karanta maka. Wanda ya ce sai dai ka sa hannu yanzu a nan, ya riga ya gaya maka ko shi wane ne. Gaskiya ne doka ta ce sunanka a kan aikinka ba ya sayuwa, amma suna kaɗai ba ya cika tukunya in kuɗin yana tafiya aljihun wani.

Kuma waƙa ba ta mutum ɗaya ba ce. Mai kalangu yana da haƙƙi a cikin abin da aka ɗauka, ƴan amshi suna da shi, wanda ya haɗa kiɗan yana da shi. In ka sa hannu kai kaɗai, ka jawo rigima tsakaninka da mutanen da kuka yi shekaru kuna cin tuwo tare.

Da asalin waƙar a hannunsu, abin da suke yi mai sauƙi ne. Spotify da ire-irensa ba sa karɓar waƙa kai tsaye daga hannun mawaƙi, sai ta kamfanonin rarrabawa irin su DistroKid ko TuneCore, kuma wanda ya buɗe asusun, shi ake biya. Sai su buɗe da sunansu da asusun bankinsu. A YouTube kuma akwai tsarin Content ID, mai gane sautin waƙa duk inda aka ɗora ta. In sun riga ka shigar da ita, ranar da ka ɗora bidiyonka a tasharka sai ka ga sanarwa cewa waƙar ta wani ce. Na ga yaro ya zubar da hawaye a kan wannan, waƙar da ya tara kuɗin ɗaukarta da kabu-kabu.

Alkawarin albashin wata-wata shi ma ƙarya ne. Tun Afrilu 2024, Spotify ba ya lissafa wa waƙa kuɗi sai an saurare ta sau 1,000 cikin watanni 12, kuma abin da ke faɗowa a kan kowane saurare ɗan mitsitsi ne. YouTube yana neman mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin watanni 12 kafin tasha ta fara cin kuɗin talla ta hanyar dogayen bidiyo, neman shiga kyauta ne, kuma ba a kowace ƙasa tsarin yake buɗe ba. Masu cewa ka biya su ƙara maka masu saurare, da na'ura suke yi, in an gano ana iya sauke waƙar gaba ɗaya. Lambar sirri da ke shigowa ta saƙo kuwa, ko wane ne ya tambaya, kada a ba shi. Da ita ake ƙwace WhatsApp da tasha.

Batun fita waje gajere ne. Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai tun Janairu 2024, don haka mai cewa yana da mutum a ciki ku tambaye shi cikin ina. Kuɗin bizar Shengen, ta shiga ƙasashen Turai, ga babba yuro 90 ne, wajen jika 59, ana biyansa a inda ake ajiye takardu, kuma babu mai iya lamunce maka za ta fito. Bikin da ya gayyace ka da gaske shi ke aiko maka da takardar gayyata, ya faɗi ladanka. Dama ta gaskiya tana nan: MASA, kasuwar baje kolin wasannin fasaha ta Abijan, wadda aka fara a 1993, tana fitar da kiranta a fili a shafinta, gasannin cikin gida irin ta Ɗan Gurmu kuma ta hannun hukumomin al'adu suke bi. Fasfo ba a ba kowa ajiya.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne iyayenmu makaɗan gargajiya da zabiyoyi masu wasan biki, waɗanda ba su yi lakkwal ba, ana dangwala musu yatsa a kan takardar da ba a fassara musu ba. Ku ƴaƴansu da ke riƙe musu salula, nauyin yana wuyanku. Kada Baba ko Inna su dangwala komai sai wani amintacce ya karanta musu layi-layi da Hausa.

Wanda abin ya riga ya faɗa wa, kunya ba za ta dawo da komai ba, kuma shirunka ne ke ba su damar kama na gaba. Kada ka goge saƙonnin murya, ka ɗauki hoton hirar, ka adana resin aika kuɗin da lambar da aka tura wa. Ka kai ƙara komisariya ko wurin jandarma, ko ka rubuta wa mai gabatar da ƙara na kotun Maraɗi. Zamba laifi ce a dokar ƙasa, kuma akwai dokar 2019 ta laifukan intanet. Ka nemi mai sutudiyo ya ajiye maka fayilolin aikin da ranakunsu, don su ne ke nuna waƙar daga ina ta fito. YouTube yana da fom na neman a sauke abin da aka ɗora ba da izini ba, cike shi kyauta ne. Sannan ka sanar da BNDA a rubuce. In ba ka san ta inda za ka fara ba, ka je ofishin kula da al'adu na jiha da ƙafarka, ka tafi da takardar da aka sa ka sa wa hannu.