Masar, Turkiyya ko Sifen: ina ya fi dacewa ga mai son ganin tsoffin ganuwa da filin daga?

Duk wanda ya tambaye ni, Masar nake ce masa, kuma ba na ɓoyewa.

Sifen tana da fadar Alhambra a Garnaɗa, birnin da ya suɓuce wa Musulmi a 1492, amma wahalar bizar Turai da tikitin da ake kama wa suna da sa'a tun makonni kafin ka iso sun ishe ni. Turkiyya ta fi sauƙi. Akwai ganuwar Istanbul da aka ci a 1453, akwai Galifoli, filin dagar Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1915, sai dai tafiyar sa'a huɗu zuwa biyar ce daga birnin, kuma tun 2024 baƙo na biyan Yuro 25 kafin ya shiga masallacin Aya Sofiya na Istanbul.

Alƙahira kuwa da ƙafa ake cin moriyarta. Ka faro daga ƙofar Zuwaila ta 1092, ka hau hasumiyarta, ka sauko ka bi titin Mu'izz har ka ɓulla masallacin Azhar, wanda sarakunan daular Faɗimawa suka fara ginawa a 970. Washegari ka je masallacin Ibn Ɗulun da aka kammala a 879. Tsakar gidansa fili ne fetal, shiru, na zauna har la'asar ban so tashi ba. Daga nan masallacin Sarki Hasan da ganuwar Salahuddin, wadda aka soma a 1176, ba nisa. Kuma mu ba baƙi ba ne a wannan birni: ta nan Mansa Musa ya ratsa a 1324 a hanyar hajji, daga nan ne kuma Imam Suyuɗi ya aika wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha.

Mai son tarihin yaƙi sai ya ware yini guda ya je Alamain, kimanin kilomita 100 yamma da Iskandariyya, inda kwamandan Birtaniya Montgomery ya karya rundunar kwamandan Jamus Rommel a ƙarshen 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Maƙabartar sojojin ƙawance na da kaburbura sama da 7,000 a jere cikin rairayi, ta Jamusawa da ta Italiyawa na kusa. Wurin yakan sanyaya jiki.

To, ga inda aka ƙona ni. Wani mutum ya tare ni kusa da Azhar, da sallama da fara'a, ya ce an rufe masallaci sai bayan azahar, bari ya zagaya da ni. Ƙarya ce tsagwaronta. Na ƙare a shagon ɗan'uwansa, na sayi "takardar Fir'auna" da daga baya na gane ganyen ayaba ne aka yi wa fenti, sannan ya nemi ladan rakiya a dalar Amurka. Saboda haka duk wanda ya ce maka wuri a rufe yake, taka da kanka har ƙofa. Ɗan jagora na gaskiya yana da katin ma'aikatar yawon buɗe ido, ka ce ya nuna. Kada ka sayi tikiti a hannun kowa sai a tagar hukuma, kuma ka riƙe katin banki, don wurare da yawa sun daina karɓar tsabar kuɗi. Tsohon kwabo ko hular soja da za a ce maka an tono a Alamain, bar musu kayansu: yawanci jabu ne, na gasken kuwa fitar da kayan tarihi laifi ne a dokar Masar. Direban Alamain ma ku yanke kuɗin zuwa da dawowa da na jira tun kafin ka sa ƙafa a mota, a rubuce in da hali.