Garantin shekara 3 a jikin kwali: abin da na gani da madabod ɗina ya lalace

Ina da shagon zane da buga katin biki a Kano, kuma kwamfutar tebur ɗin da nake aiki da ita haɗawa aka yi, ba sayen guda ba. Madabod ɗin, wato babban allon da ake ɗora duk sassan kwamfuta a kai, sabo ne dal a kwali, na wani kamfani sananne da ba zan kama sunansa ba, an rubuta garantin shekara 3 ɓaro-ɓaro a gefe. Wannan rubutun ne ma ya sa na ƙara kuɗi na bar na hannu. Ya yi watanni yana aiki lafiya lau. A nan ba ni da ƙorafi: ba ya zafi, ramukan USB sun wadatar, ga ƙananan fitilu guda huɗu a gefen dama masu nuna inda matsala take, CPU, DRAM, VGA da BOOT. Duk mai haɗa kwamfuta ya nemi bod mai irin fitilun nan, don su suka rage mini wahala.

Ciwon da kaɗan-kaɗan ya fara. Ana tsakiyar aiki sai ta tsaya cak, ko ta mutu ta tashi da kanta. Daga baya sai ta ƙi tashi sam: fanka na juyawa, sikirin baƙi ƙirin, fitilar DRAM, mai nuna matsalar ram (ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta), ta kama ta ƙi saki. Injiniyan da ke duba mana na'urori ya zo ya bi ta daki-daki. Ya zare ram ɗin biyu ya goge bakinsu ya mayar. Ya cire ɗan batirin nan CR2032 don saitin BIOS, manhajar cikin bod da ke tayar da kwamfuta, ya koma yadda ya fito daga kamfani. Ya kawo wani akwatin wuta ya gwada, ya fito da bod ɗin daga gidansa ya ɗora a kan kwali ya kunna shi tsirara, ko wani ƙarfe ne ke taɓa bayansa. Shiru. Sai da ya bar ram ɗaya a rami na biyu ta tashi. Yana mayar da shi rami na huɗu, ta sake mutuwa, rami na uku ma haka.

Ya ce, "Malam, layin ram ɗaya ne ya tafi gaba ɗaya. Ko firosesa ce, ko ƙafafun soket, ko bod ɗin kansa."

Bayaninsa ya gamsar da ni. Ramuka huɗun nan layi biyu ne, kuma abin da ke sarrafa ram a cikin firosesa yake, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, saboda haka ƙafa ɗaya ta lanƙwashe a soket, wato mazaunin firosesa a kan bod, sai layi guda ya ɗauke. Irin soket ɗina ƙafafu 1700 gare shi, sirara kamar gashin gira. Ya haska su da tocila da gilashin ƙara girma, layi-layi, babu wadda ta karkace. Ya aro wata firosesa ya sa, ciwon na nan. Laifi ya tabbata a kan bod.

To, a nan aka fara dogon zance. Mai shagon da na saya a wurinsa mutumin kirki ne, amma ya faɗa mini gaskiya: "Yallaɓai, namu garantin na gwaji ne, ka je ka kunna ka ga yana aiki. Wancan na kwali na kamfani ne." Na shiga shafin kamfani na cike takarda, na sa lambar siriyal. Sun amsa imel ɗin da wuri, da ladabi kuwa, har da ba da haƙuri. Sai dai abin da ke ciki shi ne lambar ta nuna an fitar da bod ɗin ne don kasuwar Gabas ta Tsakiya, don haka dilan da ya fara sayensa a can shi ke da hurumin mayar da shi. Wato garantin na nan da ransa, amma a Dubai yake zaune. Kayan kwamfuta da yawa da ke kasuwanninmu ta wannan hanyar suke shigowa, daga Dubai ko Sin zuwa Legas, daga Legas zuwa nan, kuma babu mai gaya maka haka ranar ciniki.

Sannan suka nemi rasit mai ɗauke da lambar siriyal. Nawa rubutun hannu ne, an rubuta "bod 1" da kuɗi da sa hannu. Mai shago ne ya yi ta bugun waya har ya samo takardar ainihin mai shigo da kayan a Legas. Ba don shi ba da maganar ta mutu a nan. Suka nemi hoton soket kusa-kusa, da hoton bayan bod, da na wajen shigar wuta. Dalili a fili yake: ƙafar da ta lanƙwashe, ko tabon ƙuna, ko alamar ruwa, duk suna kashe garanti. Mu da wutarmu ke zuwa da ƙarfi bayan an ɗauke, ga canji daga janareto zuwa layi, wannan sharaɗin da mu yake. Ni dai kwamfutar a bayan sitabilaiza da UPS take, bod ɗin kuma tas yake.

Wani abu da ya ba ni mamaki shi ne baƙin murfin roba da ke rufe soket in bod yana sabo. Yawancin masu haɗawa jefar da shi suke yi. Kamfani ya ce ba za su karɓi bod ba sai da shi, don kada ƙafafun su lalace a hanya. Injiniya ne ya tono wani a cikin tarkacensa.

Jiran shi ne ya fi ci mini rai. Mai shigo da kaya ba zai aika bod ɗaya tilo ba, sai ya tara masu matsala ya haɗa su tafiya guda. Lokacin bukukuwa ya zo ya same ni ina aiki da aron kwamfuta, ƙarshe dole na sayi ƙaramin bod mai araha na ɗora firosesata a kai. Duk imel ɗin da na tura, amsa ɗaya ce: suna jiran kaya su iso. Kuɗin aikawa Legas da dawowa daga aljihuna ya fita.

Da ya dawo, ba nawa ba ne, ba kuma sabo ba ne. Gyararre ne mai wata lambar siriyal, a farin kwali, kuma garantinsa ragowar na farkon ne, ba a sake ƙirga daga farko ba. Amma yana aiki, ramuka huɗun duk suna gani, kuma an sabunta masa BIOS. Windows ta ɗauka sabuwar kwamfuta ce ta nemi a sake tabbatar da lasisi, da yake lasisin a jikin madabod yake ɗaure. Nawa yana haɗe da asusun Microsoft, minti kaɗan ya koma daidai.

In maki zan bayar, bod ɗin ya ci 4 cikin 5, garantin kuwa 2, kuma rabin wannan biyun na mai shago ne. Ƙaramin bod ɗin da na saya na ajiye shi a kabad da murfinsa, rasit ɗinsa kuma na sa an rubuta siriyal a kai kafin in biya.