Rajistar ɗaukaka ƙara a Najeriya: inda take aiki da inda take jan ƙafa

Tsarin da doka ta shimfiɗa wa hidimar ɗaukaka ƙara ba shi da laifi. Wanda bai gamsu da hukuncin Babbar Kotun Jiha, ko ta Tarayya, ko Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ba, zai nufi Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda sashe na 237 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kafa. Daga can sai Kotun Ƙoli a Abuja, inda alƙalai biyar ke zama, ko bakwai idan ana fassara kundin ne.

Takardar ɗaukaka ƙara a rajistar kotun da ta yanke hukuncin, wato ofishinta na karɓar takardu, ake shigar da ita, ba a ta sama ba. Wa'adi a ƙarar da ba ta laifi ba wata uku ne idan hukuncin ƙarshe ne, kwana 14 idan na tsakiyar shari'a ne. Wanda ya makara sai ya roƙi ƙarin lokaci da hujja. Har nan hidimar na tafiya daidai: ka biya, a ba ka rasit, a buga hatimi.

Tangarɗar tana wajen haɗa kundin shari'a. Magatakarda yana da kwana 60 ya tattara takardu ya aika sama, in ya gaza mai ɗaukaka ƙara ya haɗa da kansa cikin kwana 30. Alƙalai da dama har yau da hannu suke rubuta zama, sai an buga, an duba, an tabbatar da kowane kwafi. In shafi ɗaya na shaida ya ɓace, ɗaya ɓangaren zai ce kundi bai cika ba, a ɗage zama. Gado ko filin da ake rigima a kai yana nan a tsaye, iyali na jira, kuma wannan babbar cutarwa ce. Ya kamata lauya ya bi kundin shafi-shafi kafin a aika, domin daga karɓarsa kwana 45 kawai yake da su ya shigar da rubutacciyar hujja.

Wani abin da teburin rajista ba zai gyara maka ba shi ne hurumi. Sashe na 277 ya taƙaita Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga al'amura irin su aure, riƙon yara, gado, wasiyya, kyauta da waƙafi. Rikicin cinikin fili da aka bi da shi ta can yakan rushe a sama, a koma farko bayan an kashe kuɗi.