Man lanolin: abin da ya yi mini a jego da hunturu

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta sa na sayi man lanolin lokacin da nake jego, kan nonona ya tsattsage har gabana na faɗuwa idan yaro ya farka. A kemis na samo shi, cikin ɗan bututu, tatacce wanda aka yi domin masu shayarwa.

Maiƙo ne da fatar tunkiya ke fitarwa don kare ulunta daga ruwa. Ba a yanka dabbar. Bayan an aske ulun sai a wanke shi da ruwan zafi, inji ya ware maiƙon, a tace. Tumakinmu irin su Balami, Uda da 'Yankasa gashi gare su ba ulu ba, shi ya sa sai dai a kawo mana daga waje. Masu ulu irin Merino sun fi yawa a Ostareliya. Abin da ya fi ba ni mamaki, daga wannan maiƙon ake haɗa yawancin bitamin D3 da ake sayarwa.

Launinsa ɗorawa-ɗorawa ne, ga danƙo. Da sanyin safiya ba ya son fitowa, sai kin murza shi tsakanin yatsu ya yi laushi. Kamar ƙwayar gero ya isa. Zogin ya ragu sosai, kuma ba sai na goge ba kafin in ba yaro nono. Amma gaskiya rabin sauƙin daga gyaran kamun nono ya zo, wanda ita ma'aikaciyar ta nuna mini. Idan yaro bai kama daidai ba, ko tulu kika shafa ciwon zai dawo.

Ragowar ta yi mini hunturu. A leɓe ya fi basilin daɗewa, a faso kuwa in shafa da dare in sa safa, har maigida ya fara ɗauka a ɓoye.

Yana ɓata riga da tabon mai, kuma akwai masu fatar da ba ta jituwa da shi, musamman masu yawan ƙaiƙayi, don haka ki fara gwadawa a hannu. Ga tsada. Don shafa jiki gaba ɗaya man kaɗanya ya wadatar da ni, wannan na ajiye shi ne don inda fata ta tsage.