Shekara ɗaya da mayar da yarona makarantar da ake karatu da hannu, ga abin da na gani

Wani abokina da muke masallaci ɗaya ya tare ni ranar Juma'a yana tambaya wai ya makarantar nan da na mayar da yarona, ya kai nasa ko kar ya kai, na ce masa Alhaji maganar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin masallaci, bari in samu zama in rubuta. Sunan makarantar dai ba zan saka ba tunda akwai inda zan yi ƙorafi kuma yarona yana ciki har yanzu, amma a nan cikin Kano take, ta kuɗi ce, kuma ɓangaren JSS1 zuwa JSS3 nake magana a kai.

Yaron nan shekararsa 12 lokacin da muka cire shi daga inda yake. Ba daƙiƙi ba ne wallahi, amma kullum rizal ɗinsa a ƙasa, malam ya cika allo su kwafa, su haddace, su juye a jarrabawa, bayan sati biyu ka tambaye shi ko kalma ɗaya babu. A gida kuwa ba abin da ya bari, ya kwance min rediyo, ya kwance tocila, har fankar ɗakin mamansa sai da ya buɗe wai yana so ya ga abin da ke juya ta. Ita maman cewa take ɓarna ce kawai, ni ma a lokacin da bulala nake binsa, ba zan ɓoye ba.

Da aka fara ba ni labarin makarantar ban wani ɗauka da zafi ba, don garin nan makarantu nawa ne suka rubuta Montessori a allon ƙofa, ka shiga ka tarar da benci da alli da bulala kaman ko'ina. Ita Maria Montessori ɗin likita ce 'yar Italiya, a 1907 ta buɗe makarantarta ta farko a birnin Roma, kuma abin da ta ce game da yara masu tasowa irin 'yan shekara 12 zuwa 15 shi ne a kai su inda akwai gona da aiki na gaske, su shuka, su yi kiwo, su sayar, karatun ya biyo ta nan. To su waɗannan ko sunan ba su rubuta ba, amma ranar da na je dubawa da misalin sha ɗaya na safe na tarar aji ɗaya babu kowa a ciki, duk suna bayan gini da tef ɗin awo suna auna fangalin alayyafo, wai darasin lissafi ake. Malamin yana gefe ya harɗe hannu, yara biyu suna musu a kan ko tsawo za a ninka da faɗi ko haɗawa za a yi, bai ce musu komai ba sai da suka gaji, sannan ya ce to ku zana murabba'i a ƙasa ku ƙirga. Nan take na ce a ba ni fom.

Abin ya taɓa ni ne saboda ni ɗan 6-3-3-4 ne, wato shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a. Tsarin nan da aka fara a 1982 ai manufarsa kenan, yaro ya gama aji uku na ƙaramar sakandare da wani abu a hannunsa, har injina gwamnati ta shigo da su daga Turai don darasin Intro Tech. A makarantarmu injinan a cikin akwatin katako suka tsufa, ba wuta, ba malamin da ya iya kunna su, mu dai an sa mu zana zarto da guduma a littafi mu rubuta sunayen sassansu, na ci jarrabawar kuma har na gama ban taɓa riƙe zarton ba. Daga baya aka zo da UBE, shirin ilimin bai-ɗaya na matakin farko, a 1999, aka haɗe firamare da JSS ya zama shekara 9, suna ya canza, allo da alli suna nan.

A zangon farko abin da suka fi yi shi ne lambu da kaji. An raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni da fangalinsa, alayyafo, yakuwa, ɗan tumatir, da littafin da suke rubuta ranar shuka da ranar tsiro da ruwan da suka zuba. Kajin kuma 'yan tsakin gidan gona aka kawo, su ke auna abinci, su ke share keji, su ke rubuta nawa aka kashe. Ana cikin haka ciwo ya shiga, kusan rabi suka mutu cikin kwana uku, yarona ya dawo gida ido ya yi ja ko abinci ya ƙi ci. Ni na ɗauka za a ɓoye a sayo wasu a cike, a'a, malamar kimiyya ta sa suka zauna suka bi littafin nasu baya, suka gano an tsallake rigakafi ɗaya kuma kejin yana jiƙewa a gefen mazubin ruwa, aka kira wani likitan dabbobi ya zo ya yi musu bayani. Laifin tsallake rigakafin na makaranta ne ba na yara ba, wannan kam na faɗa musu a taron iyaye, amma yadda suka juya asarar ta zama darasi ya burge ni. Ragowar da suka girma mu iyaye aka sayar wa, yaran suka fitar da lissafi, faɗuwa aka yi ba riba ba, kuma haka suka rubuta a jikin bango.

Zango na biyu wuta aka shiga, a nan yarona ya samu abin da yake so. Ƙaramin faifan sola, batir, waya, ƙwan fitila, su haɗa a jere su ga hasken ya ragu, su haɗa kowanne da layinsa su ga ya dawo. Wata rana Nepa sun ɗauke muna zaune a tsakar gida sai ga shi da wata fitila da ya haɗa da robar lemo da tsohon batirin waya, ya ce Abba taɓa nan, na taɓa ta kawo. Mamansa da ke cewa ɓarna ita ta fara ɗaukar bidiyo tana tura wa 'yan uwanta. Na ji ma a 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da sabuwar manhaja da ta saka sana'o'i irin haɗa sola da gyaran waya, to su nan sun riga sun yi gaba.

Tarihi ma ba a aji suka yi shi ba. An kai su marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take, suka ga yadda ake haɗa baba da toka a rijiyar rini, suka ga zane yana fitowa kore-kore sai iska ta buge shi ya koma shuɗi, malamar ta ce kowa ya je ya nemo dalili. An kai su Gidan Makama, sannan aka ba su aiki kowa ya je ya yi hira da tsoho ɗaya a gidansu. Nawa wajen Hajiyarmu ya tafi da biro da takarda, ta ba shi labarin dalar gyaɗa da yadda ake rufe ƙofofin gari, abin da ni ɗanta ban taɓa zama na tambaye ta ba, har yau in ya shiga sai ta ce ga ɗan jarida ya zo.

To yanzu inda ba su kyauta ba, kuma yana da yawa.

Kuɗi. Kuɗin zango ya kusa ninka na inda muka baro, wannan na sani tun kafin in shiga, amma ba wanda ya gaya min akwai wani kuɗin da ba ya cikin takarda. Ƙarfe tara na dare sai saƙo ya shigo guruf ɗin WhatsApp, gobe kowane yaro ya zo da gawayi da yashi da tsakuwa da robar ruwa babba za a yi matatar ruwa, jibi a zo da batir huɗu da gam. Dan Allah ina mutum zai samu tsakuwa da tara na dare? Sau biyu ina fita da tocila bakin ginin maƙwabci. In sun san abin da za su yi a zango, su ba mu jerin kayan tun satin farko mana. Ga wanki, yunifom fari suka zaɓa wa yaran da ke wuni a cikin taɓo da kashin kaji, wanda ya yanke wannan shawarar ban san me yake tunani ba.

Sai lokacin tashi. Suna kaiwa har bayan la'asar wasu ranakun in aikin rukuni bai ƙare ba, yaro ya dawo a gajiye ga Islamiyya ta riga ta shiga, sai da malamin Islamiyyar ya kira ni ya ce hadda tana ja baya. Na samu shugabar makarantar na ce Hajiya wannan fa ba zai yiwu ba, ta ce za a gyara, an gyara na sati uku aka koma ruwa.

Abin da ya fi damuna shi ne duk tsarin a wuyan malamai biyu ko uku yake. Malamin lissafin nan da na gani ranar farko ya samu wani aiki ya tafi a tsakiyar zango na biyu, wanda aka kawo a madadinsa mutumin kirki ne amma irin namu ne na da, allo, kwafa, bulala a hannu, cikin wata ɗaya lissafi ya koma abin da yarona ke tsoro. Wato ba a horar da sabon malami kafin a sa shi a aji. Kuma na lura ranar baje koli 'yan mata kusan duk suna teburin girki da ɗinki, maza suna teburin waya da katako, na tambaya aka ce su suka zaɓa, amma wata yarinya da ke tsaye tana leƙen fitilar yarona ta ce min ita sola ta so aka ce gurbi ya cika.

Rizal ɗinsu ma sai da muka yi rigima a gida. Ba sa rubuta na ɗaya ko na goma, shafi biyu ne na bayani, yana iya kaza, yana gaggawa a kaza, ba ya son rubuta abin da ya gano. Maman ta juya takardar gaba da baya ta ce to shi na nawa ya zo? Ni bayanin ya fi min amfani don a nan na san rubutu ne matsalarsa, amma tsoronta yana kan hanya, ƙarshen JSS3 akwai BECE, kuma wannan jarrabawar biro da takarda ce, ba wanda zai ce ya haɗa fitila. Makarantar ta ce a aji uku suke zama su bi tambayoyin shekarun baya, ni dai ban jira ba, na ɗaukar masa malamin lesin na Turanci da lissafi ranar Asabar da Lahadi, wani kuɗin kenan.

Alhaji in za ka kai naka, kar ka je ranar da suka gayyata, ka faɗa musu ba zato ranar Talata ko Laraba da hantsi, ka zagaya bayan gini ka ga ko yara ne ke riƙe da kayan aikin ko malam ne ke yi suna kallo, ka tambayi malamin kimiyya shekararsa nawa a wurin, ka kuma leƙa banɗaki don ranar da na leƙa babu ruwa. In yaronka irin mai son zama shiru da littafi ne kuma yana cin jarrabawa lafiya lau inda yake, ban ga dalilin ɗaga shi ba. Nawa dai na biya masa kuɗin JSS2, jiya ma ya tare ni a ƙofa wai in na bi ta Sabon Gari in sayo masa ƙarfen sodar da dalma, fankar mamansa yake so ya mayar.