Wace Tukunya Za Ki Saya Don Girkin Cajun?

A kudancin Luwiziyana ta Amurka, yankin su Lafayette inda jikokin mutanen Acadia da aka koro daga Kanada tun 1755, wato Cajun, suka zauna, yawancin girkin gida da roux yake farawa. Fulawa ce da mai, kofi ɗaya na kowanne, a yi ta juyawa a matsakaiciyar wuta minti 30 zuwa 45 har ta koma launin cakulan. Tukunyar da ba za ta iya wannan ba, kada ki ɓata kuɗinki a kanta. Mai siririn gindi takan tara zafi wuri guda, kafin ki ankara baƙaƙen ɗigo sun bayyana, kuma da zarar sun bayyana sai zubarwa, domin ɗacin zai bi dukan gumbo, wato miyarsu da ake ci da shinkafa.

Tukunyar baƙin ƙarfe, irin ta kamfanin Lodge da ke Tennessee tun 1896, ita ce mafi sauƙin kuɗi, kuma babu kamarta wajen riƙe zafi. A jambalaya, wato dafa-dukar shinkafa da nama, take nuna kanta. Jambalayar Cajun ba ta da tumatir, launinta daga ƙanzon naman da aka soya a gindin tukunya yake fitowa, sai a kankare shi da albasa da seleri da koren tattasai. A zuba romo kofi 4 a kan shinkafa kofi 2, a rufe, a rage wuta, kada a buɗe sai bayan minti 25. Murfinta mai nauyi ne ke hana tururi tserewa. Amma tana da matsaloli uku. Mai cin lita 5 ma takan kai kilo 6. Kuɓewa kan yi baƙi a cikinta, tumatir kuma ya ɗauko ɗanɗanon ƙarfe idan ya daɗe a wuta. Sannan baƙin cikinta yana ɓoye launin roux, dole ki riƙa ɗiga shi a farin faranti ki duba. Bayan wanki a busar da ita a kan wuta a shafa mai, in ba haka ba tsatsa.

Ta baƙin ƙarfe mai shafen tangaran, irin ta kamfanin Le Creuset, ta magance biyu daga cikin ukun: cikinta mai haske ne, kina ganin roux yana sauya launi, kuɓewa da tsami ba sa yi mata komai. Nauyin dai yana nan, ga tsada. Shafen kuma yana tsagewa idan aka ɗora ta ba komai a wuta mai ƙarfi, ko aka zuba mata ruwan sanyi tana zafi. Muciyar itace kawai za ki sa mata.

Wadda iyalan Cajun da yawa suka gada daga kakanni ita ce Magnalite, ta alminiyum mai kauri haɗe da magnesiyum, wadda kamfanin Wagner ya fito da ita a 1934. Ba ta da nauyi sosai, ba ta tsatsa, kuma tana bin wuta nan take: kina ragewa zafin na sauka, abin da kan ceci roux a mintunan ƙarshe. Da ita ake shinkafa da romon nama na yau da kullum. Ba ta aiki a murhun lantarki mai maganaɗisu, injin wanke-wanke kuma yana dusashe ta. Tukunyar dalma mai kauri da maƙera ke zubawa a kasuwanninmu tana kusa da ita. Ki ƙwanƙwasa gindin ki ji kaurinsa, ki tabbata murfin ya zauna daram.

Ga gida mai mutum 6 zuwa 8, lita 6 ko 7 ta wadatar, kuma mai faɗin gindi ta fi mai zurfi, don naman ya soyu maimakon ya saki ruwa. In guda ɗaya za ki saya, ɗauki ta alminiyum mai kauri. In taro kike yawan yi wa jambalaya, baƙin ƙarfe mai lita 10 ko fiye. Tsiran andouille da ake sawa a girke-girken nan yawanci na alade ne, don haka ki duba takardar jikinsa, ki nemi ƙyafaffen tsiran saniya ko na kaza.