Gadar Carter: a gyara ta ko a gina sabuwa?

'Yan kasuwarmu na Idumota sun yi ta tambaya: gyaran gadar Carter ya fi, ko rushe ta? Tun 1901 aka fara ɗora gada a wannan mashigi tsakanin unguwar Iddo da tsibirin Legas, ko da yake an sake gina ta daga baya.

Ciwon yana ƙarƙashin ruwa. Gishiri na ratsa kankare, rodi ya yi tsatsa ya kumbura, kankaren ya tsage ya ɓare. Haƙar yashi kuma na tone gindin ginshiƙai. Gyara shi ne a kankare tsatsa, a naɗe ginshiƙi da sabon kankare, a canza mahaɗai da abubuwan nan masu kama da matashi da gadar ke zaune a kansu. Ya fi araha, kuma ana iya barin hannu ɗaya a buɗe. Sai dai in tushe ya ci, faci ne kawai.

Sabuwa za ta daɗe, amma kuɗinta da yawa, kuma yayin da ake gina ta cunkoso zai koma kan gadar Eko.

Mai dako da mai shago, gyara ya fi musu sauƙi. Injiniyan da ya tarar da tushe ya ruɓe, sabuwa ce tasa.